Hattie McDaniel: an bar jaki ana dukan taiki

Duk shekara idan lokacin rabon kyautar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, ya kewayo, sai an tono hoton nan an yaɗa a intanet: wata mata baƙar fata, mai jiki, ta maƙala fararen furanni a gashinta, a daren da ta ci kyautar a 1940. Hattie McDaniel ke nan, baƙar fata ta farko, mace ko namiji, da ta taɓa cin Oscar. Kuma duk shekara gardamar ba ta sauya zani. Wasu su ce ita ta buɗe wa baƙaƙen fata ƙofa a Hollywood. Wasu su ce ƙofar kicin ta buɗe, tunda sama da sau 70 ta fito a matsayin 'yar aiki ko kuku ko baiwa, kuma fim ɗin da ya ba ta kyautar, Gone with the Wind, kwalliya ya yi wa zamanin bauta. Tun tana da rai ake jifan ta da wannan magana.

Ni a ganina masu sukar sun faɗi gaskiya a kan finafinan, sai dai sun tsare wadda ba ita ya kamata a tsare ba. An bar jaki ana dukan taiki. Wannan ba ya nufin zan wanke ta tas, domin akwai inda ita ma ta gaza, kuma zan zo wurin.

An haife ta a 1893 a Wichita ta jihar Kansas, ita ce auta cikin 'ya'ya 13. Uwa da uba duk sun ɗanɗana bauta. Mahaifinta, Henry McDaniel, ya yi yaƙin basasar Amurka a rundunar Arewa, wadda nasararta ta kawo ƙarshen bauta a 1865. Wato matar da ake zargi da ƙawata bauta, daga bakin iyayenta ta ji yadda abin yake. A Denver ta tashi, kuma waƙa ce sana'arta ta fari. Ita ke tsara waƙoƙinta, tana yawo gari-gari da masu wasan dandamali, tana cikin matan baƙaƙen fata na farko da aka ji muryarsu a rediyo a Amurka, kuma tsakanin 1926 da 1929 ta naɗi faifai a kamfanonin Okeh da Paramount. Da tattalin arziki ya karye a 1929, aikin da ya rage mata shi ne tsaron banɗakin mata a wani gidan rawa kusa da Milwaukee, kafin daga baya mai gidan ya yarda ta hau dandamali ta rera. A 1931 ta bi yayyenta zuwa Los Angeles. Ta samu shiga wani shirin rediyo, amma abin da ake biyan ta bai kai ya riƙe ta ba, don haka da rana wanki da girki take yi a gidajen fararen fata.

Da wannan tarihin ya kamata a karanta maganar da ta fi shahara a bakinta, cewa gara ta karɓi dala 700 a mako tana kwaikwayon 'yar aiki da ta karɓi dala 7 tana 'yar aikin gaske. Mutane na jin maganar su ce son kuɗi ne tsagwaronsa. To, ita ta yi dukan biyun, ta san nauyin kowanne. A ƙidayar Amurka ta 1940, kusan kashi 60 cikin 100 na matan baƙaƙen fata masu aiki, aikatau suke yi a gidajen mutane. Idan ta ajiye fim, ba ofis za ta koma ba.

Amma a ba masu suka haƙƙinsu, don abin da suke kuka da shi ba ƙarami ba ne. Matar da Hattie ta yi ta fitowa a matsayinta, wadda ake kira Mammy, ƙirƙirar fararen fatan Kudancin Amurka ce. Baiwa ce ƙatuwa, ɗaure da kallabi, mai faɗa da raha, ba a ganin mijinta, ba a ganin 'ya'yanta, ta fi son 'ya'yan ubangijinta a kan ranta, kuma ko an ce ta tafi ta samu 'yanci ba za ta tafi ba. Amfanin wannan hoton a wurinsu a fili yake: a nuna cewa bauta zaman iyali ce, kowa ya san matsayinsa, kowa na cikin rufin asiri. A zahiri kuwa, matan da suka shayar da 'ya'yan iyayengiji nasu 'ya'yan suka bari, kuma ana iya sayar da yaran nan a kai su wata jiha ba tare da an shawarci uwar ba. Har ta kai a 1923 Majalisar Dattawan Amurka ta amince a gina mutum-mutumi a Washington don tunawa da waɗannan bayi mata "masu amana", bisa roƙon wata ƙungiyar matan Kudu masu kewar tsohon zamani. Sai da matan baƙaƙen fata irin su Mary Church Terrell suka tashi tsaye kafin ƙudurin ya mutu a Majalisar Wakilai. Irin wannan fuskar ce kuma aka liƙa a kwalin garin fanke na Aunt Jemima, sunan da aka fara amfani da shi a 1889, ba a sauke shi ba sai 2021.

Gone with the Wind shi ya kai wannan hoton ƙololuwa. David O. Selznick ya shirya shi daga littafin Margaret Mitchell na 1936, kuma tun daga rubutun da ke buɗe fim ɗin ake jimamin wata duniya ta jarumai da kyawawan mata, ta ubangiji da bawa, wadda iska ta tafi da ita. A ciki ana ganin bayi suna tafiya haƙa ramukan yaƙi ga sojojin Kudu da fara'a a fuska, wato suna murnar taimakon masu yaƙi don su ci gaba da riƙe su. Fim ɗin ya kusa awa 4, amma babu inda aka faɗi sunan Mammy na yanka, babu wanda ya tambaye ta ko ta taɓa haihuwa. Malcolm X ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa yana yaro ya kalli fim ɗin a wani ƙaramin gari na jihar Michigan, shi kaɗai ne baƙar fata a cikin silimar, kuma da Butterfly McQueen ta fara nata wasan na baiwa mai wauta, ji ya yi kamar ya shige ƙarƙashin kafet. Ga shi kuma fim ne da ya zaga duniya. Idan aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi, har yau ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane fim kawo kuɗi. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa haɗuwa da baƙar fatar Amurka ba, a nan suka fara ganin sa.

Sai dai duk wanda ya zauna ya kalli fim ɗin da idon basira zai ga Hattie na yin wani abu da ba a rubuta mata ba. A matsayin Mammy, ita kaɗai ce a gidan take gane ƙaryar Scarlett, 'yar masu gida kuma jarumar fim ɗin, tun kafin ta gama fitowa daga baki, kuma harara ɗaya ta ishe ta ta nuna hakan. Rhett Butler, jarumin da ya auri Scarlett, wanda bai ɗauki kowa a bakin komai ba, yana cewa tana cikin mutane ƙalilan da yake son su ga girmansa. Sannan ga fitowar nan ta kan matakala, bayan ƙaramar Bonnie, 'yar Rhett da Scarlett, ta faɗo daga doki ta mutu, inda Mammy ke hawa bene tare da Melanie, aminiyar Scarlett, tana kuka tana zayyana yadda uban yarinyar ya kulle kansa da gawar, da irin munanan maganganun da shi da matarsa suka jefi juna da su. Ba a nuna mana rigimar ba, a muryar Hattie muke ganin ta. Wannan fitowar ake cewa ita ta ci mata kyautar, kuma ban ga abin musu ba. Tun kafin nan ma, a Alice Adams na 1935, ta fito a 'yar aikin da wasu masu ƙaramin ƙarfi suka ɗauko haya na dare ɗaya don su burge saurayin 'yarsu, wadda Katharine Hepburn ta fito a matsayinta. Tana taunar cingam, hular aikin na zamewa, tana kawo abinci mai zafi a daren da ake zufa, tana kallon su ɗaya bayan ɗaya da idon wadda ta san ƙaryar arziki suke yi. Ita ta sace fitowar baki ɗaya, kuma waɗanda ake yi wa dariya a wurin fararen ne.

Akwai ɗaci a cikin wannan yabo, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi da masu sukar ta suke da ita. Da ba ta iya wasa ba, da Mammy ta tsaya a zanen barkwanci wanda ba wanda zai gaskata. Gwanintarta ce ta hura wa ƙaryar rai, har mai kallo ya fita daga silima yana jin lallai an yi irin wannan mata, kuma lallai ta ƙaunaci gidan da ya mallake ta. Ban da amsar da za ta share wannan.

Abin da nake da shi tambaya ce: wa ke da iko a wurin? A duba yadda aka yi da ita a kan fim ɗin da ya ɗaukaka ta. An buɗe shi a Atlanta ran 15 ga Disamba 1939, aka yi kwana 3 ana shagali, amma babu baƙar fata ko ɗaya daga cikin 'yan wasan da ya halarta, saboda dokokin wariyar launin fata na jihar Jojiya. Har hotonta aka cire daga ɗan littafin bikin da aka raba a can. Baƙaƙen da aka gani a ɗaya daga cikin liyafofin su ne mawaƙan cocin Ebenezer, an sa musu kayan bayi suna rera waƙa, kuma a cikinsu akwai ɗan limamin cocin, yaro ɗan shekara 10 mai suna Martin Luther King. Ran 29 ga Fabrairu 1940 aka raba Oscar a otal ɗin Ambassador na Los Angeles, otal ɗin da ba ya karɓar baƙaƙen fata. Sai da Selznick ya nemi alfarma aka bar ta ta shiga, sannan aka ajiye ta a wani ɗan teburi can jikin bango, nesa da teburin su Clark Gable da Vivien Leigh, manyan taurarin fim ɗin. Daga nan ta taso ta karɓi kyautar, bayan ta doke Olivia de Havilland wadda suka fito a fim ɗaya, ta ce tana fatan har abada za ta zama abin alfahari ga jinsinta da masana'antar fim, ta koma mazauninta tana share hawaye.

Kyautar ba ta sauya komai ba. Kicin aka mayar da ita. Fim ɗin da za a iya cewa ya ɗan bambanta shi ne In This Our Life na 1942, wanda John Huston ya ba da umarni. A nan ma 'yar aiki ce, amma ɗanta na karatun lauya, kuma 'yar masu gida, wato Bette Davis, ta kaɗe mutum da mota ta gudu ta laƙa wa yaron. Hattie ta fito a uwar da ta san ɗanta bai yi ba, ta kuma san ba wanda zai saurari baƙar fata idan farar mace ta yi magana. Wanda ya ga wannan ya san abin da za ta iya da an ba ta rubutu mai kyau.

A wannan shekarar ce Walter White, sakataren ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata, ya shigo Hollywood tare da Wendell Willkie, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa a 1940, don su matsa wa kamfanoni su daina nuna baƙaƙe a matsayin bayi da wawaye kawai. Manufa ce mai kyau, kuma tarihi ya gaskata shi. Amma ya zauna da masu kamfanoni ya ci abinci da su, ya tsallake 'yan wasan da abin ya shafa, sannan a bainar jama'a ya riƙa nuna cewa su ma da laifinsu tunda suna karɓar irin wannan aiki. Hattie da takwarorinta suka ji zafi. Suka kuma yi zargin cewa White, wanda hasken fatarsa ya kai a ɗauke shi Bature, so yake a maye gurbinsu da masu hasken fata irin mawaƙiya Lena Horne. Kamfanonin kuwa suka ɗauki hanya mafi sauƙi. Maimakon su rubuta wa baƙaƙe matsayi na mutunci, sai suka rage sa su a fim. An rage 'yan aikin, ba a kawo likitoci da lauyoyin ba.

Mai cewa ai da ta ƙi karɓa, ya manta yadda Hollywood take a lokacin. Manyan kamfanoni irin MGM da Paramount da Warner su ke shirya fim, su ke rarraba shi, su ke da gidajen silima masu yawa, har sai da Kotun Ƙoli ta raba su da silimomin a 1948. Ɗan wasa yana ƙarƙashin kwantiragin shekara 7, idan ya ƙi fim a dakatar da shi ba albashi, a kuma ƙara kwanakin a kan kwantiragin. Bette Davis, da duk farin jininta, ta yi ƙoƙarin kuɓuce wa Warner a 1936, kotu a Landan ta ba kamfanin gaskiya. Olivia de Havilland sai da ta yi shari'a kafin ta yi nasara a 1944. Waɗannan fararen fata ne, taurari na sahun gaba. Sannan ga dokar tace finafinai da aka fara aiki da ita gadan-gadan a 1934, wadda ta haramta nuna soyayya tsakanin baƙi da fari, kuma kusan duk babban matsayi na mace a fim ɗin wancan zamani na soyayya ne. Ga kuma kasuwar Kudu da kamfanoni ke tsoron rasawa. A Memphis akwai shugaban hukumar tace finafinai mai suna Lloyd Binford, wanda ya riƙe kujerar daga 1928 zuwa 1955. A 1947 ya hana nuna wani fim ɗin yara mai suna Curley don kawai an ga yara baƙaƙe da farare a aji ɗaya.

Akwai waɗanda suka ƙi, kuma abin da ya same su shi ne ma'aunin da ya dace a auna Hattie da shi. Lena Horne ta sa hannu da MGM a 1942 bisa sharaɗin ba za ta fito a 'yar aiki ba. Kamfanin ya cika alkawari, sai dai bai ba ta wani abin kirki a madadinsa ba. In ban da finafinai 2 na 1943 da aka yi da baƙaƙe zalla, yawanci tsayar da ita ake yi a jikin ginshiƙi ta rera waƙa ɗaya da ba ta da alaƙa da labarin, yadda masu almakashi a Kudu za su yanke wurin ba tare da fim ɗin ya taɓu ba. Da aka zo sake yin Show Boat a 1951, matsayin mace mai jinin baƙi da fari da ta ƙwallafa rai a kai, Ava Gardner aka ba. Mawaƙi kuma ɗan wasa Paul Robeson ya yi fushi ya bar Hollywood a 1942, amma shi yana da muryar da ke cika manyan zauruka a Turai da Amurka. Butterfly McQueen ta gaji da fitowa a wawiyar 'yar aiki ta ajiye, ta shafe shekaru tana 'yan ƙananan ayyuka don ta ci abinci, sai a 1975 ta kammala digiri tana da shekara 64. Oscar Micheaux ya zaɓi ya yi nasa da kansa, ya shirya finafinai sama da 40 don baƙaƙe, cikin ƙarancin kuɗi da kayan aiki, ana nuna su a silimomin unguwannin baƙaƙe. Duk waɗannan sun cancanci girmamawa. Amma ƙin da suka yi bai sa kamfani ko ɗaya ya sake rubuta Mammy ba. Da Hattie ta ƙi, akwai mata a layi da suka zo gwajin wannan matsayin, cikinsu har da Louise Beavers. Lena Horne ɗin ma da bakinta ta ce lokacin da tsofaffin 'yan wasa baƙaƙe suka juya mata baya, Hattie ce ta kira ta gida ta ƙarfafa mata gwiwa.

Inda nake ganin gazawarta shi ne ta kasa raba kanta da matsayin. Da aka soki Mammy sai ta ji ita aka zaga, ta mayar da rigimar ta zama tsakaninta da Walter White. A wata maƙala da ta rubuta a mujallar Hollywood Reporter a 1947 ta ce ba ta taɓa neman afuwa kan abin da take fitowa a kai ba, kuma ta sha shawo kan daraktoci su cire gurɓataccen Turancin da ake sa wa baƙaƙe a baki. Na yarda ta yi wannan ƙoƙari. Amma a 1946, bayan sojoji baƙaƙe sun dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu suna neman haƙƙinsu, ta sake ɗaura kallabi ta fito a Song of the South na Disney, fim ɗin da har yau kamfanin ya ƙi sa shi a manhajarsa ta kallo. A lokacin tana da suna, tana da Oscar a ɗaki. Ko ba za ta ƙi aikin ba, tana iya fitowa ta ce jama'a, abin da kuke faɗa gaskiya ne, yunwa ce ta sa muke yi. Sai ta zaɓi ta kare masana'antar da ta ajiye ta a jikin bango.

Sai dai masu kiran ta 'yar amshin shatan Turawa ba sa son a tuna musu da Sugar Hill. Unguwa ce ta manyan gidaje a Los Angeles, inda ta sayi gida da kuɗin fim a farkon shekarun 1940, kusa da Louise Beavers da Ethel Waters. Tsofaffin takardun gidajen na ɗauke da sharaɗin ba za a sayar wa baƙar fata ba. A 1945 wasu maƙwabta fararen fata suka kai ƙara a fitar da su. Hattie na cikin waɗanda suka tattara baƙaƙen unguwar, ana taro a gidanta, suka tsaya da lauya Loren Miller. A watan Disamba na shekarar alƙali Thurmond Clarke ya yi watsi da ƙarar, ya ce gyara na 14 na kundin tsarin mulki ya ba baƙaƙe cikakken haƙƙi kuma lokaci ya yi da za a ba su shi. Wannan na cikin hukunce-hukunce na farko irinsa a ƙasar. A 1948 Miller ɗin nan da Thurgood Marshall suka tsaya gaban Kotun Ƙoli a shari'ar da ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi a duk faɗin Amurka. A wurin da take da ta cewa, inda gidan nata ne kuma sunanta ne a takarda, ba ta sunkuyar da kai ba. Unguwar dai ba ta tsira ba, domin a shekarun 1960 an ratsa babbar hanyar mota ta tsakiyarta.

A 1947 ta karɓi shirin rediyo na Beulah, labarin wata 'yar aiki baƙar fata wadda kafin ita fararen maza ne ke kwaikwayon muryarta. Da aka mayar da shirin talabijin ta yi kashi 6 kacal, sansar mama ta kwantar da ita. Ta rasu ran 26 ga Oktoba 1952 tana da shekara 59, ba ta bar wata dukiya ba, har hukumar haraji na bin ta. Ta yi wasiyya a binne ta a maƙabartar Hollywood inda manyan taurari suke, mai maƙabartar ya ce ba a binne baƙaƙe a nan, aka kai ta Rosedale. A 1999 sabon mai wurin ya nemi a dawo da ita, danginta suka ce a bar ta inda take, sai aka kafa mata dutsen tunawa. A 2006 aka buga hotonta a kan sarki. Kyautar tata, wadda ɗan allo ce don a lokacin ba a ba masu taimaka wa jarumi mutum-mutumin, ta bar wa Jami'ar Howard, ta ɓace a can shekaru da dama, sai a 2023 hukumar Oscar ta ba jami'ar wata. Duk wannan ihu ne bayan hari, kuma ba ya cin kuɗi sosai.

A watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, marubucin fim John Ridley ya yi kira a jaridar Los Angeles Times, sai manhajar kallon finafinai ta HBO Max ta sauke Gone with the Wind na ɗan lokaci, ta dawo da shi bayan mako 2 tare da gabatarwar malamar jami'a Jacqueline Stewart da ke bayyana abin da fim ɗin ya ɓoye. A ganina haka ya dace. Ɓoye fim ɗin zai rufa wa Selznick da Hollywood asiri ne, ya kuma shafe aiki mafi girma na matar da ba ta rubuta ko layi ɗaya a cikinsa ba. A bar shi a gani, a kuma faɗa wa mai kallo wa ya rubuta, wa ya zuba kuɗi, wa aka hana shiga silima ranar buɗewa.

Bayan Hattie, sai da aka yi shekara 51 kafin wata baƙar mace ta sake cin Oscar a wasan fim, wato Whoopi Goldberg a 1991. A 2012 Octavia Spencer ta ci irin kyautar da Hattie ta ci, kuma a matsayin 'yar aiki a gidan fararen fatan Mississippi, a fim ɗin The Help. Viola Davis, wadda ta fito a ɗaya 'yar aikin, ita ma an sa sunanta a takara. Marubuciyar littafin da aka ɗauko labarin daga ciki farar fata ce, daraktan da ya mayar da shi fim shi ma haka. Gardamar 1940 ta dawo sabuwa, kuma matan nan biyu aka riƙa tsarewa da tambaya a hirarraki kan me ya sa suka yarda suka ɗaura atamfar aiki. A 2018 Viola Davis ta gaya wa jaridar New York Times cewa ta yi nadamar fitowa a fim ɗin, domin a ƙarshe ba muryar 'yan aikin aka ji ba. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 200.